Me ya sa rumbun bayananmu ba ya gano sunan da muka san yana ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da manhajar rajista ta wani asibiti mai zaman kansa a Katsina. Bayananmu suna cikin PostgreSQL, teburin marasa lafiya ya kusa layi dubu 400. Akwatin nema yana amfani da `WHERE suna ILIKE '%...%'`. Yanzu abin ya yi nauyi, masu ba da kati suna jira kafin sakamako ya fito. Sannan sau da yawa mutum yana da fayil amma ba a ganinsa, sai a buɗe masa sabo. Muna kuma so a iya bincika bayanan da likitoci ke rubutawa. An ba ni shawarar in kafa injin neman rubutu na Elasticsearch. Ko ita ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kafa ta tukuna. Matsaloli biyu ne gare ka, kuma ba uwarsu ɗaya ba. Nauyin nema abu ne da za ka magance da layi uku na SQL. Rashin ganin mutumin da ke ciki kuwa ba daga injin nema yake ba, daga yadda ake rubuta sunayenmu yake, kuma duk injin da ka ɗauko sai ka koya masa wannan da hannunka. In ka kwashe bayanan nan yadda suke ka zuba a Elasticsearch, abin da zai canza kawai shi ne za a riƙa kasa samun mutum da sauri.

Bari mu kawar da nauyin tukuna, tunda shi ne mai sauƙi. Fihirisar da aka saba yi wa ginshiƙi, wadda ake kira B-tree, jera abubuwa take yi tun daga harafin farko, yadda ƙamus yake. In aka ce ka nemo kalmomin da suka fara da "mak", kai tsaye za ka buɗe wurin. In aka ce ka nemo duk kalmar da ke da "mak" ko'ina a cikinta, jerin bai amfane ka da komai ba, sai ka karanta littafin daga bango zuwa bango. Alamar `%` ɗin da ka sa a gaba ita ta jefa PostgreSQL cikin hali na biyu. Ka sa `EXPLAIN ANALYZE` a gaban tambayar ka gudanar da ita, za ka ga `Seq Scan`, wato layi dubu 400 ɗin nan duka ake karantawa. Layi dubu 400 ba wani abu ba ne a wurin PostgreSQL, amma in akwatinka yana aika tambaya a kan kowane harafi da aka danna, kuma ma'aikata da yawa suna bugawa lokaci guda da safiyar Litinin, to karatun bango zuwa bango ake ta maimaitawa ba hutu. Maganinsa ƙarin nan da ake kira `pg_trgm`, zan zo kansa. Sai dai kada ka ɗora shi a kan ginshiƙin `suna` yadda yake yanzu.

Ɗauki mace ɗaya da ta zo tagar kati ta ce sunanta Sa'adatu Ɗanjuma. Ma'aikacin da ya fara yi mata rajista a kwamfuta ya rubuta Sa'adatu da waƙafin sama miƙaƙƙe, wanda ke kan allon bugawa. Wani ya kwafo daga takardar Word, inda manhajar ta lanƙwasa waƙafin da kanta ya koma ’. A ido duk ɗaya ne, amma a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa, na farko lambarsa U+0027, na biyu U+2019, akwai ma na uku, U+02BC, wanda wasu allunan Hausa na waya ke fitarwa. Wani ya rubuta Saadatu, wani Sa adatu. Sunan uban kuma yana nan a matsayin Ɗanjuma, Danjuma, D'anjuma, Dan Juma da Dan-Juma. Ka ninka waɗannan da waɗancan ka ga siffofi nawa mace ɗaya za ta iya ɗauka. `ILIKE` babban harafi da ƙarami kaɗai yake yafewa, ba ya yafe ko ɗaya daga cikin sauran.

Kafin ka rubuta komai, ka fara duba abin da ke cikin teburin naka:

```sql
SELECT harafi, count(*)
FROM marasa_lafiya, regexp_split_to_table(suna, '') AS harafi
GROUP BY harafi ORDER BY count(*);
```

Wannan zai jera maka kowane harafi da ya taɓa shiga ginshiƙin, da yawansa. Saman jerin, inda ƙananan lambobi suke, nan abin kallo yake. In ka ga `Æ™`, ƙ ce da aka ajiye da UTF-8 aka karanto da tsohon tsarin Windows. `É—` kuma ɗ ce. Waɗannan ana iya mayar da su. In ka ga `}` ko `]` ko `~` a tsakiyar suna, daga tsofaffin haruffan kwamfuta na kafin Unicode suka zo, lokacin da ake aron maɓallan nan a ɗora musu ƙ da ɗ da ɓ; su ma ana mayarwa. In kuwa alamar tambaya ka gani a gurbin harafi, wannan ya tafi, an zubar da shi tun a hanya, sai dai a gyara da hannu ranar da mai fayil ya dawo.

Yanzu dokar da komai ya rataya a kanta: ba a taɓa sunan da aka rubuta na asali. Ana yin ginshiƙi na biyu ne, na nema kawai, wanda ba mai ganinsa, a zuba masa sunan bayan an goge duk bambancin da bai kamata ya raba mutum da fayil ɗinsa ba. Abin da ma'aikaci ya buga a akwati shi ma a bi da shi ta wannan gogewar kafin a kwatanta. Gefe biyun dole su bi ta hanya guda, in ba haka ba aikin banza aka yi.

A nan ne masu bin darussan intanet suke faɗawa rami. Dabarar da ake koyarwa ko'ina ita ce a warware rubutu zuwa siffar NFD, a share alamomin da ke bisa haruffa. Tana aiki ga é, domin a wurin Unicode é harafin e ne da alama a kansa. Amma ƙugiyar ƙ ba alama ba ce a wurinsu. Harafi ne mai zaman kansa, U+0199, haka ɗ, U+0257, da ɓ, U+0253, da ƴ, U+01B4. Ba su warwaruwa, saboda haka dabarar za ta wuce su ba ta taɓa su ba, kai kuma kana ganin ka gama. PostgreSQL yana da ƙarin `unaccent`, amma ba a yi masa shaidar `IMMUTABLE` ba, wato shaidar cewa amsarsa ba ta canzawa, don haka ba zai shiga fihirisa ko ginshiƙi mai lissafa kansa kai tsaye ba sai an yi masa dabara. Ni na fi son `translate`, don abin da ka rubuta a ciki shi kaɗai zai yi:

```sql
CREATE FUNCTION daidaita(t text) RETURNS text
LANGUAGE sql IMMUTABLE AS $$
  SELECT trim(regexp_replace(
    translate(lower(t),
      'ƁɓƊɗƘƙƳƴéèêëïîô-''’‘ʼ`',
      'bbddkkyyeeeeiio '),
    '\s+', ' ', 'g'))
$$;
```

Duk harafin da ke jerin farko wanda ba shi da abokin tafiya a jeri na biyu, share shi ake yi. Shi ya sa waƙafan sama biyar ɗin nan na ƙarshe suke ɓacewa, karan ɗori kuma ya koma fili. Da wannan kaɗai Sa'adatu da Sa’adatu da Saadatu sun zama abu guda, Ɗanjuma da D'anjuma da Danjuma ma haka. Ya kuma warware wani bambanci da ya shafe ku musamman a Katsina: a Nijeriya 'y muke rubutawa, a Nijar ƴ suke rubutawa, to 'Yar da Ƴar duk sun koma `yar`. Na sa manya da ƙananan masu ƙugiya duka a jerin ne saboda in an kafa rumbun da tsarin harshe na `C`, `lower` ba zai san Ɗ babbar ɗ ba ce. Sauran Dan Juma mai fili a tsakani: ƙara doka ɗaya da za ta manna `dan` da `abdul` da kalmar da ke bin su.

Sai ginshiƙin da fihirisarsa:

```sql
ALTER TABLE marasa_lafiya ADD COLUMN suna_nema text
  GENERATED ALWAYS AS (daidaita(suna)) STORED;
CREATE EXTENSION pg_trgm;
CREATE INDEX CONCURRENTLY ON marasa_lafiya
  USING gin (suna_nema gin_trgm_ops);
```

Ginshiƙi mai lissafa kansa ya shigo ne a PostgreSQL 12, a 2019. In naka ya girmi wannan, sabunta shi ya fi komai gaggawa. Umarnin farko zai sake rubuta teburin gaba ɗaya kuma ya kulle shi har ya gama, saboda haka da dare za ka yi, ba lokacin da layi ya kai bakin ƙofa ba. Ka kuma riƙe wannan: duk ranar da ka gyara `daidaita`, tsofaffin layuka ba za su sake lissafa kansu ba, sai ka taɓa su da `UPDATE marasa_lafiya SET suna = suna`.

Abin da `pg_trgm` ke yi shi ne yanka kowace kalma gutsure-gutsure, harafi uku-uku, bayan ya sa fili biyu a gabanta da ɗaya a bayanta. Daga `musa` zai fitar da fili-fili-m, fili-m-u, `mus`, `usa`, da s-a-fili. Fihirisar tana riƙe da jerin layukan da ke ɗauke da kowane gutsure. Ka nemi `%juma%`, sai ya ɗauko masu `jum`, ya ɗauko masu `uma`, ya haɗa waɗanda suka fito a duka biyun, su kaɗai zai buɗe ya tabbatar. Tun PostgreSQL 9.1 yake iya ɗaukar nauyin `LIKE` ta wannan hanya. Sake gudanar da `EXPLAIN ANALYZE`, `Bitmap Index Scan` ya kamata ka gani yanzu. Amma harafi ɗaya ko biyu ba su isa gutsure ba, don haka kada akwatin ya aika komai sai an buga uku, ya ɗan jira mai bugawa ya tsaya, kuma ka sa `LIMIT` na kamar 20.

Kada ka nemi abin da aka buga a dunƙule. Yau an rubuta Sani Musa, gobe Musa Sani, jibi an cusa sunan gari ko na kaka a tsakiya. Raba abin da aka buga kalma-kalma, kowace ta samu nata `LIKE`, a haɗa su da `AND`. Kuma ta hanyar `$1`, `$2` za ka miƙa su, ba ta manna rubutu a jikin SQL ba. A ƙasar da ake da Sa'idu da Isma'il da Rabi'atu, manhajar da ke manna rubutu ba ta buƙatar ɗan kutse kafin ta faɗi, waƙafin sunan majiyyaci ya ishe ta. Ramin da Sa'idu ya faɗa kuwa, ta nan ɓarawon bayanai yake shigowa. In mai nema ya buga `%` ko `_` da kansa, cire su, don a wurin `LIKE` umarni ne.

Zuwa nan nauyi ya tafi, rabin ɓatan ma ya tafi. Sauran rabin shi ya fi cin lokaci.

`pg_trgm` yana da ma'aunin kamanni, `similarity`, daga 0 zuwa 1: gutsuren da kalmomi biyu suka yi tarayya a kai, a raba da jimillar gutsurensu. Alamar `%` tsakanin ginshiƙi da kalma tana karɓar duk abin da ya kai 0.3, in ba ka canza ba. Yana kama kuskuren yatsa sosai. Muhammad da Muhammed sun yi tarayya a gutsure 6 cikin 12, wato 0.5, sun wuce. Amma gwada Muhammad da Mohammed, siffofi biyu da aka saba gani a rajista a Arewa: gutsure 3 cikin 15, wato 0.2. Sun faɗi. Abin dariya, Mamman ya fi Mohammed kusa da Muhammad a wannan ma'auni, 3 cikin 13, shi ma bai kai ba. In ka sauke ma'aunin don su shiga, tarkace zai biyo su.

Wani zai ce maka Soundex. Tsari ne da aka yi wa rajista a Amurka a 1918 don sunayen Turawa: harafin farko, sai lamba uku na baƙaƙen da suka biyo. Yana haɗa Muhammad da Mohammed da Muhammadu a M530, madalla, sai dai Mahmud da Mamuda ma M530 ne, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Khadija K320 ce, Hadiza H320. Usman U255, Ousmane O255. Tunda harafin farko ba ya canzawa a wurinsa, ya raba su har abada. Ban ga amfaninsa a sunayenmu ba.

Maganar Ousmane ta kawo mu ga masu zuwa muku daga Maraɗi ta Jibiya da katin shaida mai rubutun Faransanci. Issoufou, Aboubacar, Oumarou, Harouna, Moussa, Aïchatou, Chaibou. Wani ɓangare na wannan doka tana kama shi. Mayar da `ou` zuwa `u` kaɗai yana ɗaga kamannin Usman da Ousmane daga 3 cikin 11 zuwa 5 cikin 8. Mayar da harafi mai ninki zuwa guda yana haɗa Moussa da Musa, Hassan da Hasan. `dj` ya koma `j`, `tch` ya koma `c`, `kh` ya koma `h`. Amma ka yi hattara da `ch`. A rubutun Ingilishi na Nijeriya c ce, kamar Chiroma da Ciroma, Bauchi da Bauci. A rubutun Faransanci na Nijar sh ce, Chaibou Sha'aibu ne, Aïcha A'isha ce. Doka ɗaya ba za ta gamsar da duka biyun ba. Waɗannan dokokin na sunaye ne kawai. Ka yi musu aikinsu daban, kada ka cusa su cikin `daidaita`, don za mu yi amfani da ita a kan bayanan likita, inda ninki ke bambanta ma'ana.

Akwai kuma abin da babu lissafin da zai taɓa kamawa. Abubakar da Garba ba su da gutsure ko ɗaya na tarayya, amma duk Bahaushe ya san Garba Abubakar ne, haka Habu da Buba da Bukar. Umar shi ne Sanda, Usman shi ne Shehu, Ibrahim Iro, A'isha Indo, Fatima Binta, Hadiza Dije. Tsohuwa ta zo da jikanta ta ce sunansa Iro, bara uban ya yi masa rajista da Ibrahim. Wannan ilimi ne da ke kan mutane, kuma hanyar shigar da shi kwamfuta ɗaya ce: tebur. Ginshiƙi biyu, siffa da tushe. `mohammed`, `mohd`, `muhd`, `muhammadu`, `mamman`, `mahamadou`, duk tushensu `muhammad`. In aka buga kalma, a duba tushenta, a ɗauko duk 'yan'uwanta, a nema da `OR` a tsakaninsu. Can ma za ka ajiye Chaibou da Aïchatou, ka huta da rigimar `ch`.

Kada yawan aikin ya tsorata ka. Ka yanka `suna_nema` kalma-kalma da `regexp_split_to_table`, ka ƙirga, ka jera daga mafi yawa. Sunayenmu suna maimaituwa ƙwarai, 'yan ɗaruruwan da ke sama su ne mafi yawan teburin. Ka buga jerin a takarda ka zauna da wanda ya fi daɗewa a ɗakin kati, da biro. Ya fi ka sanin wace siffa ce ta wane suna, kuma zai gaya maka waɗanda ba ka taɓa ji ba.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake: teburin laƙabi na faɗaɗa nema ne, ba na haɗe fayil ba. Akwai wanda Shehu ne sunansa na yanka a takarda, akwai Garba Abubakar wanda Abubakar ɗin mahaifinsa ne. A asibiti, fayil biyu ga mutum ɗaya ɓarna ce, amma fayil ɗaya ga mutum biyu yana iya sa a ba wani maganin da jikinsa ba ya karɓa. Manhaja ta kawo waɗanda take zato, mutum ya zaɓa. Wanda ya dace harafi da harafi ya zo a sama, sai na kamanni, sai na laƙabi, kuma kowane layi ya nuna shekaru, unguwa da ƙarshen lambar waya, don Aisha Muhammad ba ɗaya ba ce a Katsina. Lambar waya ma tana son tata gogewar: a cire fili da `+234` da sifilin farko, a ajiye ta a matsayin rubutu, domin duk wadda ta taɓa ratsawa ta Excel a matsayin lamba ta riga ta yar da sifilinta. Na Nijar lamba takwas ne bayan `+227`. In ma'aikaci ya buga lambobi zalla, kada ka bi ta kan suna sam, tafi kai tsaye ga lambar kati ko ta waya da fihirisar B-tree ta kullum.

Bayanan likita wani aiki ne daban. A can jimloli ne, kalma kake nema ba gutsuren suna ba, kuma kana so wanda ya fi dacewa ya zo a sama. PostgreSQL yana da wannan a jikinsa tun sigar 8.3 ta 2008: `tsvector` yana riƙe da kalmomin rubutu da wurarensu, `tsquery` yana riƙe da abin da ake nema, fihirisar GIN, irin wadda muka ɗora wa `suna_nema`, ta haɗa su. Abin da za ka kiyaye shi ne tsarin harshe. Babu na Hausa a cikin waɗanda yake zuwa da su. In ka bar shi a `english`, zai zubar da kalmomin da Ingilishi ke ɗauka marasa amfani, kuma cikin jerin akwai `so`, `can`, `don`, `in`, `an`, `me` da `to`, sannan ya yanke wa sauran wutsiya bisa nahawun da ba nasu ba. Ga rubutun Hausa, ko wanda aka gauraya, `simple` za ka zaɓa: yana ƙanƙanta haruffa ne kawai ya bar kalma yadda take.

Farashin `simple` shi ne bai san ciwo da ciwon da ciwonta abu ɗaya ba ne. Sa'armu, yawancin abin da Hausa ke liƙawa a ƙarshen kalma take liƙa shi, don haka `to_tsquery('simple', 'ciwo:*')` zai kamo su duka. Inda ba ya kaiwa shi ne jam'in da ke canza cikin kalma: magani da magunguna, mace da mata, ɗa da 'ya'ya. Waɗannan sai tebur irin na laƙabi. Ga asibiti, kalmomin da ake nema ba su da yawa, ka rubuta su.

A nan goge ƙugiya yana da haɗarin da ba shi da shi a sunaye. Baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, bari da ɓari. Likitan da ke neman ɓari ba ya son duk takardar da aka rubuta "a bari sai gobe". Amma ba za ka ƙi gogewa ba, tunda rabin masu rubutu ba sa sa ƙugiyar. Sai ka ajiye duka biyun da nauyi daban:

```sql
setweight(to_tsvector('simple', bayani), 'A') ||
setweight(to_tsvector('simple', daidaita(bayani)), 'B')
```

Ka nema da siffar da aka buga ko gogaggiyarta, ka jera da `ts_rank`. A yana da nauyin 1.0, B yana da 0.4, saboda haka wanda ya dace da ƙugiyarsa zai hau sama, mara ƙugiya ya biyo baya maimakon ya ɓace. Siffar B tana kuma gyara wata matsala: mai yanka kalmomi na PostgreSQL yana raba kalma a kan waƙafin sama, jama'a ta zama `jama` da `a`, amma a gogaggiyar siffa `jamaa` ce guda.

Ga masu karanta wannan da ba PostgreSQL gare su ba, tsarin ɗaya ne, tarkunan ne suka bambanta. A MySQL, tsarin jeri na `utf8mb4_0900_ai_ci` yana ɗaukar é da e abu guda, amma ƙ da k haruffa biyu ne a wurinsa, don haka ginshiƙin nema bai zama na zaɓi ba. Fihirisar `FULLTEXT` a tebur na MyISAM ba ta ɗaukar kalmar da ba ta kai harafi huɗu ba, wato Ali, Isa, Ado da Uba ba su wanzu ba. A InnoDB iyakar uku ce. A SQLite, wanda ke cikin kowace wayar Android, `LIKE` da `lower` haruffan Ingilishi kaɗai suka san babba da ƙaraminsu, Ɗahiru da ɗahiru ba su haɗuwa. A can sai ka yi gogewar a cikin manhaja kafin ka ajiye, ka ɗora FTS5, ƙarinsa na neman rubutu, wanda ya samu mai yanka uku-uku a sigar 3.34.

Elasticsearch kuwa, ita da 'yar'uwarta OpenSearch, kayan aiki ne masu kyau. An gina su a kan Lucene, suna jera sakamako da BM25, wanda ya fi `ts_rank` wayo domin yana la'akari da ƙarancin kalma a cikin dukkan takardu, kuma matatarsu ta `asciifolding` ta san ƙ da ɗ da ɓ. Amma ba su san Garba ba. Sannan sabar ce ta biyu mai cin ƙwaƙwalwa, da za ka riƙa ciyarwa da lantarki, ka tabbatar duk abin da aka rubuta a PostgreSQL ya isa can, ka kuma tsare ta, tunda kwafi na biyu ne na sirrin marasa lafiya, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. In kun kai miliyoyin takardu, ko jerin sakamako ya zama shi ne kasuwarku, a sake zama. A layi dubu 400 da mutum ɗaya mai kula da komai, ban ba ka shawara ba.

Abu na ƙarshe da za ka ƙara tun ranar farko: ƙaramin tebur da ke ajiye duk neman da ya dawo babu sakamako, da wanda aka buga bayansa a cikin minti guda. In ka ga an buga `nuhu` ba a samu ba, aka sake buga `nouhou` aka samu, ka sami sabon layi na teburin laƙabi. Ka riƙa duba shi duk mako, ka kulle shi kamar yadda ka kulle teburin marasa lafiya tunda sunayen mutane ne a ciki, ka kuma share abin da ya wuce wata guda. Tsofaffin fayilolin da aka riga aka ninka kuwa, ka fitar da jerin waɗanda tushen sunansu da lambar wayarsu suka zo ɗaya, ka miƙa wa ɗakin kati su bi su ɗaya bayan ɗaya da takardun a gabansu.